Nauyin Jaririna Ba Ya Ƙaruwa, An Ce Nonona Ne Tsinkakke

Assalamu alaikum, Anti. Ni maijego ce, haihuwar fari, ina wanka a gidan iyayena. Na haifi ɗana namiji a asibiti bayan cikin ya cika wata tara, nauyinsa kilo 3.2. Shekaranjiya muka kai shi rigakafin mako 6, aka ɗora shi a sikeli aka sami kilo 3.6, ma'aikaciyar ta ce nauyin bai kai yadda ake so ba, in dawo da shi bayan mako 2. Nono nake ba shi, amma da ya kama ya ɗan tsotsa sai barci ya ɗauke shi, kuma kan nonona duk ya tsattsage, har fargaba nake yi idan lokacin shayarwa ya zo. Da dare yakan yi awa 5 ko 6 bai farka ba, kowa yana yabonsa cewa yaro ne mai haƙuri. Mahaifiyata tana ba shi ruwan ɗumi da cokali saboda zafin gari, da ɗan dauri bayan wanka. Surukata ta zo ta sa na tatsa a cokali, ta duba ta ce nonona tsinkakke ne, shi ya sa yaron ba ya ƙiba. Mijina ya sayo madarar gwangwani da bulumboti, amma ban fara ba shi ba tukuna. Ina kuka a ɓoye, ina ganin kamar ni ce na gaza. Don Allah me zan yi?

Wata maijego

Wa'alaikumus salam, 'yata. Barka da sauka lafiya, Allah ya raya shi, ya yi masa albarka, ya ba ki lafiyar shayarwa.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma zan fara da abin da ya fi nauyi a ciki, domin ɓoye miki shi ba zai amfani yaron ba. Ma'aikaciyar nan ta faɗi gaskiya, nauyin ɗanki bai kai inda ya kamata ba. Jariri yakan rage nauyi a kwanakin farko bayan haihuwa, kimanin kashi 7, wani lokaci har kashi 10 cikin 100 na nauyin da ya zo da shi, sannan ya mayar da abin da ya rasa cikin kwana 10 zuwa 14. Daga nan har ya cika wata 3 ana sa ran ya riƙa ƙara giram 150 zuwa 200 a kowane mako, wasu ma sukan wuce haka. Idan muka ɗauka ɗanki ya koma kilo 3.2 a ranar da ya cika mako 2, to giram 400 ke nan ya ƙara cikin mako 4, wato kimanin giram 100 a mako, alhali yawancin yaran da aka haifa da nauyi irin nasa sukan haura kilo 4 kafin rigakafin mako 6. Kada wani ya ce miki ai wannan lissafin na 'ya'yan Turawa ne masu shan madara. Ma'aunin girma da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2006 an gina shi ne a kan yaran da aka shayar da nonon uwa a ƙasashe 6, kuma Ghana tana cikinsu, tare da Birazil, Indiya, Norway, Oman da Amurka. Yaro mai shan nono shi ne ma'aunin, don haka idan naki ya yi ƙasa, akwai dalilin da za a nema.

Saboda haka ba na so ki jira mako biyun nan. Ki koma asibiti cikin wannan makon, ki nemi likita ya duba yaron daga kai har ƙafa, ba a tsaya a kan sikeli kaɗai ba. A mafi yawan lokuta abin da ke hana jariri ƙara nauyi shi ne ƙarancin nonon da ke isa cikinsa, amma akwai kaɗan daga cikin yara waɗanda wata cuta ce ke cinye abin da suka sha ko take hana su tsotsa da ƙarfi, kamar ciwon mafitsara wanda ba ya nuna wata alama a fili, ko matsalar zuciya da aka haifi yaro da ita, ko tsagewar ganda, ko linzamin da ya ɗaure harshe. Likita ne zai iya kawar da waɗannan, kuma gara a kawar da su da wuri. Ki faɗa masa idan yaron yana haki ko gumi yana keto masa a goshi lokacin da yake tsotso, ko idan har yanzu idanunsa suna da rawaya, musamman idan kashinsa fari-fari ne kamar alli. Akwai kuma alamomin da ba a kwana da su a gida, ko da tsakar dare ne. Idan ya ƙi kama nono gaba ɗaya, ko jikinsa ya yi zafi har ma'aunin zafi ya nuna 38, ko ya yi sanyi ƙalau, ko ya yi laushi an kasa tashinsa, ko yana numfashi sau 60 ko fiye a minti ɗaya, ko awazunsa suna lotsawa ciki, ko maɗigarsa ta faɗa, ko yana jijjiga, ko yana amai mai feshi ko mai launin kore, to a ɗauke shi a tafi asibiti nan take.

Yanzu bari in cire miki ƙayar da ta fi sukar ki. Nononki ba shi da aibi. Abin da surukarki ta gani a cokali gaskiya ne ta gani, fassararsa ce ba daidai ba. Nonon kowace mace, idan aka tatsi farkonsa, musamman bayan an ɗan jima ba a sha ba, yakan fito da ruwa-ruwa, har da ɗan shuɗi-shuɗi a gefen cokali, domin kusan kashi 87 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, kuma maiƙon da ke cikinsa yana ƙaruwa ne a hankali yayin da yaro yake ci gaba da sha nonon yana raguwa. Da za ki sake tatsa bayan yaro ya sha sosai, da kin ga ya fito fari tas mai kauri. Ba a gane ingancin nono da ido a cokali, ba a kuma gane shi da jefa tururuwa a ciki kamar yadda wasu iyayenmu suke gwadawa. Hatta matan da ba su samun wadataccen abinci nononsu yana raya 'ya'yansu, jikin uwa ne yake biyan kuɗin. Tambayar da ta kamace mu ita ce nawa ne yake shiga cikin yaron a yini, kuma wasiƙarki ta ba ni amsa a wurare uku, a kan nononki da ya tsage, a dogon barcinsa, da kuma cokalin ruwan nan.

Tsagewar kan nono ita ce babbar shaida. An saba gaya wa mai haihuwar fari cewa ta daure, haka kowa ta sha, amma shayarwa idan kamun ya yi daidai ba ta tsaga fata. Yaron da ya kama tsinin nono kaɗai yana murza shi tsakanin dasashinsa da gandarsa, ke ki ji azaba, shi kuma ya yi ta aiki ba ya samun komai sai ɗigo-ɗigo, har ya gaji barci ya kwashe shi da yunwarsa. Ga yadda za ki gyara. Ki zauna ki jingina bayanki, ki juyo da yaron gaba ɗayansa ya fuskance ki, cikinsa manne da cikinki, kunnensa da kafaɗarsa da ƙugunsa a layi ɗaya, kada ya zama yana rigingine a cinyarki ya karkato wuya kawai, domin ko babba ba ya iya haɗiya da wuya a murɗe. Ki tallafi bayansa da kafaɗunsa, ki bar ƙeyarsa ta sami damar ɗan komawa baya. Ki sa kan nonon daidai hancinsa, ki shafa shi a leɓensa na sama, sannan ki jira. Wannan jiran shi ne inda mata da yawa suke gaggawa. Sai ya wage baki sosai kamar mai hamma, a lokacin ne za ki jawo shi gare ki da sauri, haɓarsa ta fara taɓa nonon. Shi ake kawowa ga nono, ba ke za ki sunkuya ki cusa masa ba. Idan ya kama daidai za ki ga haɓarsa ta nutse a jikin nonon, leɓensa na ƙasa ya naɗe zuwa waje, kumatunsa sun cika ba su lotsa ba, kuma baƙin zagayen nonon da ya rage a waje ya fi yawa ta saman bakinsa fiye da ta ƙasa. Idan kin ji zafi ya ci gaba bayan 'yan daƙiƙoƙin farko, ki zura ƙaramin yatsanki mai tsabta ta gefen bakinsa ya saki, ki sake gwadawa, ko sau biyar ne. Idan ya saki kuma kika ga kan nonon ya fito a baje kamar an matse shi, kamun bai yi zurfi ba.

Na taɓa zama gefen tabarma da wata maijego wadda halinta ya yi kama da naki, tana cije leɓe duk lokacin da 'yarta ta kama. Ba abin da muka canza illa muka juyo da jaririyar ta manne da ita, muka jira ta buɗe baki. Uwar ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ɗago ta ce ba ta ji zafi ba, kuma a cikin shirun ɗakin muka fara jin wani ɗan sauti mai taushi, kamar ana cewa "kah, kah" a hankali. Sautin haɗiya ke nan, kuma shi nake so ki koyi saurara. Yaron da ke shan nono da gaske yakan fara da tsotso mai sauri, sai nonon ya kawo, sai tsotson ya koma mai zurfi a natse, haɓarsa ta sauka ƙasa ta ɗan tsaya kafin ta koma. Wannan tsayawar ita ce cikar baki. Yaron da leɓensa kawai ke motsi, ba tsayawa ba haɗiya, yana iya yin awa guda a ƙirjinki bai sha abin kirki ba. Ki roƙi ma'aikaciyar jinya ko ungozoma ta zauna ta kalli shayarwa ɗaya daga farko har ƙarshe, domin ido yana gyara abin da rubutu ba zai iya ba.

Da zarar kin ga haɗiyar ta tsaya yana neman barci, ki tallafi nonon da hannunki, babban yatsa a sama sauran a ƙasa, nesa da bakinsa, ki matsa da ɗan ƙarfi ba tare da kin ji zafi ba, ki riƙe a haka. Nonon zai ƙara gudu, za ki ga ya koma haɗiya. Idan ya sake tsayawa ki saki, ki canza wurin riƙo, ki sake matsawa. In ya daina amsawa, ki ɗaga shi ya yi gyatsa, ki mayar da shi ɗaya nonon, in ya yi sanyi a can ki dawo da shi na farko. Kada ki duba agogo ki cire shi bayan minti 5 ko 10, haɗiyarsa ce za ta gaya miki lokacin canji.

Sai batun barci, wanda na san zai yi wa mutanen gidanku wuyar karɓa. Yaron da nauyinsa ke hawa daidai ana iya barinsa ya yi barcinsa. Yaron da nauyinsa ya tsaya, dogon barcinsa sau da yawa rashin ƙarfi ne, domin jaririn da ba ya ƙoshi yakan rage motsi da kuka don ya tattala ɗan ƙarfin da ya rage masa, ana yabonsa da haƙuri alhali yana buƙatar a tashe shi. Daga yau kada ya wuce awa 2 zuwa 3 da rana, ko awa 3 da dare, ba ki sa shi a nono ba, ana ƙirgawa daga farkon shayarwa ɗaya zuwa farkon ta gaba, ta yadda zai sha sau 8 zuwa 12 a yini da dare. Ki cire masa shawul da hula da safa, domin ɗumi mai yawa yana ƙara masa kasala, ki canza masa kunzugu, ki shafa tafin ƙafarsa, ki kwantar da shi a ƙirjinki fata da fata daga shi sai kunzugu, ki lulluɓe bayansa da zane marar nauyi. Kada ki jira kuka. Idan ya fara motsa baki, ko yana kai hannu baki, ko idanunsa suna motsi a ƙarƙashin fatarsu, lokacin ya yi. Shayarwar dare tana da muhimmanci na musamman, domin sinadarin da ke sa jiki ya haɗa nono, wanda likitoci ke kira firolaktin, ya fi yawa da dare. Jikin mace yana haɗa nono gwargwadon abin da aka fitar. Nonon da aka bari a cike awa 6 yana sanar da jiki cewa ba a buƙatarsa, sai jiki ya rage, kuma ina kyautata zaton abin da ya fara faruwa da ke ke nan. Abin farin ciki shi ne a mako 6 wannan yana juyawa, cikin 'yan kwanaki na yawan shayarwa za ki ji bambanci.

Ruwa da dauri kuwa a dakatar da su gaba ɗaya. Cikin jaririn wata ɗaya bai wuce girman ƙwan kaza ba, duk cokalin ruwan da ya shiga ya tare gurbin nono ne, ba ya ɗauke da komai na gina jiki, yana kashe masa ƙishirwar da za ta sa ya tsotsa, kuma yana iya shigar masa da ƙwayoyin cutar gudawa. Ko a tsakiyar bazara, watan Afrilu da zafinsa, yaron da ke shan nono duk lokacin da ya nema ba ya buƙatar ruwa har ya cika wata 6, ruwansa yana cikin nonon. Dauri kuma ba wanda ya san ƙarfin abin da aka jiƙa a ciki, ga hanta da ƙodar jariri ba su yi ƙwarin tace shi ba. Zuma ma kada ta taɓa bakinsa kafin ya cika shekara, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jikin jarirai. Na san ba ƙaramin abu ba ne 'ya ta ce wa mahaifiyarta ta daina abin da ta yi wa 'ya'yanta duka, kina zaune a ɗakinta tana dafa miki ruwan wanka safe da yamma. Mama ba ta yi don cutarwa ba, tausayi ne ya sa ta ɗauki cokalin. Shawarata ita ce kada ki mayar da abin gardama tsakaninki da ita. Ki roƙe ta ta raka ki asibiti ta ji daga bakin likita, sannan ki ba ta aiki a cikin gyaran. Ki ce, "Mama, an ce a riƙa tashinsa duk bayan awa 3, ki taimaka ki riƙa tashina," kuma idan ta ga zafi ya yi yawa ta miƙo miki shi ki shayar, ruwan kuma ke za ta ba. Surukarki ma mijinki ne ya fi dacewa ya yi mata bayani cikin ladabi, ke ki tsaya a kan gaisuwa da godiya.

Kafin ranar awo akwai ma'aunin da kike da shi a gida, wato kunzugunsa. Yaron da ke samun isasshen nono yakan jiƙa kunzugu sosai aƙalla sau 6 a yini da dare, fitsarin fari ko ruwan ɗorawa mai haske marar wari. Idan famfas kike sa masa yana shanye fitsarin, ki sa ɗan ƙyalle mai tsabta a ciki don ki gane. Fitsari kaɗan mai duhu alama ce ta cewa abin da ke shiga bai isa ba. Ki sami takarda ki riƙa yin ɗan zane duk lokacin da ya sha, da duk lokacin da ya yi fitsari ko kashi, ki tafi wa likita da ita.

Tun da yaron yana gajiya da wuri, ina so ki ƙara da tatsa bayan shayarwa, ko da sau 4 ko 5 ne a yini. Ki wanke hannu da sabulu, ki sami kofi mai faɗin baki wanda aka wanke aka zuba masa tafasasshen ruwa. Ki sa babban yatsa a saman baƙin zagayen nonon, manuniya a ƙasansa, ki danna su baya wajen ƙirjinki, sannan ki haɗa su a hankali, ki saki, ki maimaita, kina zagayawa. Kada ki ja tsinin, kada ki goga yatsu a kan fata. A farko ƙila cokali ɗaya ko biyu za ki samu, kuma wannan ba ya nuna yawan nonon da ke jikinki, hannu ne bai saba ba. Abin da kika tatsa ki ba shi da ƙaramin kofi, yana zaune a cinyarki a farke, ki ɗora bakin kofin a leɓensa na ƙasa, ki karkata har nonon ya taɓa leɓen, ki bar shi ya lasa da kansa, kada ki ɗura masa. Nonon da aka tatsa yana iya zama a rufe a wuri mai sanyi na ɗaki har awa 4, amma a irin zafinmu gara a ba shi da wuri. Ragowar ɗigon kuma ki shafa a kan nonon da ya tsage ki bar iska ta busar da shi, ki daina wanke wurin da sabulu. Idan nonon ya kumbura ya yi ja kina jin zazzaɓi, ki ga likita, amma kada ki daina shayarwa.

Game da gwangwanin da mijinki ya sayo, ki gode masa, domin damuwa da ɗansa ce ta kai shi kanti. Ki ajiye shi a rufe har ku ga likita. Idan likita ya duba ya ce yaron yana buƙatar ƙari na ɗan lokaci, ki karɓa ba tare da jin kin gaza ba, domin yaron da ya sami ƙarfi ya fi iya tsotso, kuma mata da yawa sun yi ƙari na 'yan makonni sannan suka koma nono zalla. Sharaɗin shi ne nono ya riga, ƙarin ya biyo baya, da kofi maimakon bulumboti, wanda wankinsa ke da wuya kuma yake iya sa yaro ya saba da gudun da nono ba ya yi. A tafasa ruwa, a bar shi ya ɗan huce na abin da bai wuce minti 30 ba, a fara zuba ruwan sannan garin, daidai da awon da aka rubuta a jikin gwangwanin, a huce shi kafin a ba shi, a zubar da abin da ya rage. Ya kamata mijinki ya san cewa gwangwani mai giram 400 ba ya wuce kwana 3 zuwa 4 ga yaron da madara kaɗai yake sha, kuma a nan ne gidaje da yawa suke faɗawa cikin haɗari, kuɗi ya yanke a fara tsinka madarar don ta kai, yaro ya shiga tamowa. Madarar shayi, nonon shanu, koko da kunu duk ba abincin jaririn wannan shekarun ba ne.

Ke ma akwai abin da za a duba a jikinki. Ki gaya wa likita idan kin zubar da jini da yawa wajen haihuwa, ko har yanzu jinin biƙi yana zuba da yawa ko yana wari, domin ragowar mabiyiya a mahaifa tana iya hana nono kawowa sosai, haka ma ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo. Idan kin fara shan ƙwayoyin tazarar haihuwa ki faɗi irinsu, domin masu ɗauke da sinadarin isturojin suna iya rage nono, kuma akwai waɗanda suka dace da mai shayarwa. Ki ci abinci ki ƙoshi, tuwo da miyar ganye, wake, ƙwai, kifi ko nama gwargwadon hali, kunun gyaɗa, zogale, ki sha ruwa duk lokacin da kika ji ƙishirwa. Waɗannan suna riƙe ki ne ke, amma ba wani kunu da zai maye gurbin yawan sa yaro a nono. Kunun kanwa kuwa ki sassauta masa, domin tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kanwa da tsananin gashin jego da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Idan azumi ya riske ki a wannan hali, ki tambayi malami, domin shari'a ta yi rangwame ga mai shayarwar da ke tsoron cutuwar ɗanta. Kuma idan wani ya kawo shawarar a kira wanzami ya cire beli ko ya yanke linzami don yaron ya sha nono, ki ƙi da ladabi amma da ƙarfi. Beli ba ya hana shan nono, cire shi yana jawo zubar jini da shigar cuta, linzami kuma idan da gaske ya ɗaure harshe, a asibiti ake duba shi a gyara.

Kukan da kike yi a ɓoye bai wuce ni ba. Mako shida kina shayarwa a kan rauni, kina jin ana auna nononki a cokali a gaban mutane, kuma duk da haka ba ki daina ba, kin kai shi rigakafi a kan lokaci, kin riƙe lambobin nauyinsa a ka, kin nemi shawara. Wannan aikin uwa mai kula ne. Amma idan kukan ya zama na kullum, ko barci ya ƙaurace miki ko da yaro yana barci, ko abinci ya fita ranki, ko kina jin ba ki da amfani, ki faɗa wa likitan a wannan zuwan, domin damuwar bayan haihuwa ciwo ce da ake magani, kuma ki sami mutum ɗaya a gidan da za ki riƙa buɗe wa cikinki.

Bayan ganin likita, a riƙa auna shi sau ɗaya a mako, a sikeli ɗaya, tsirara ko da busasshen kunzugu kaɗai, domin sikeli biyu sukan saɓa da giram 100 ko fiye, kuma awon kullum ba ya nuna komai sai ƙarin fargaba. Ki tabbata an rubuta kowane awo a katinsa. Abin da muke nema a makon farko shi ne giram 150 zuwa sama, kuma yaran da aka gyara musu kamu sukan yi fiye da haka yayin da suke cike giɓin baya. Idan mako ya cika kina yin duk wannan amma ƙarin bai kai ba, kada ki ƙara wani makon kina gwaji, ki koma a sake bincike a kuma tsara ƙarin da zai sha. Ki rubuto mini bayan awo na gaba da lambar da aka samu, da yawan kunzugun da yake jiƙawa, da kuma yadda kan nonon yake, mu ga abin da ya rage a gyara kafin rigakafin mako 10.